Gicciyen Uwa: Wanne Ne Namu, Wanne Aka Ɗora Mana?



Ki ƙirga sau nawa aka ce miki "ki yi haƙuri" tun daga ranar da aka kai ki ɗakin miji zuwa yau. Ranar kai amarya goggonni sun faɗa. Ranar naƙuda ungozoma ta faɗa. Ranar da kuɗin cefane ya ƙare tun wata bai raba ba, maigida ya faɗa. Ranar da aka yi rashi, duk wanda ya zo gaisuwa da ita ya shigo, da ita ya fita. Kalma ce mai kyau, kuma gaskiya ne haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai yawan maimaitawa ya sa ta zama kamar murfin tukunya: da zarar mace ta fara tafasa sai a kifa mata, kowa ya kama gabansa.

Ni Kirista ce, 'yar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Na san da yawa cikin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, ina kuma roƙonku ku zauna a tabarmar nan tare da mu, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A majami'a muna da kalmomi biyu da ake yawan wa'azi a kansu, musamman idan Ista ta gabato: jimiri da musun kai. Jimiri shi ne ki riƙe bangaskiyarki a lokacin da komai yake ce miki ki sake ta. Musun kai kuwa shi ne ki ajiye abin da ranki yake so, ko abin da yake haƙƙinki ne, saboda Almasihu da kuma saboda wani. Yesu ya haɗa su wuri ɗaya sa'ad da ya sanar da masu binsa cewa akwai ɗaukar gicciye a hanyarsa kowace rana. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: wanne ne gicciyen uwa na gaskiya, wanne ne kuma kayan da mutane suka ɗora mata suka laƙaba masa sunan gicciye?

Inda na koyi darasin

Ranar Laraba 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi. Da ma tun watan Satumba Michika ta faɗa hannunsu, gidajenmu cike suke da dangin da suka gudo daga can. A ranar ce kuma suka kama hedikwatar ikilisiyarmu da ke Kwarhi, har shugabanninmu suka koma Jos da zama na wani lokaci.

Maigidana yana kasuwa lokacin da harbi ya fara. Na goya jaririna, na kama hannun ɗana mai shekara biyar, 'yata mai shekara tara ta riƙe hannun mahaifiyata, muka bi ayarin mutane muka shiga daji. Lokacin kaka ne, dawa ta nuna a gonaki ba mai yanka. Da karan dawa da ɗanyar gyaɗa muka rayu kwana uku.

A cikin ayarin akwai wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, ban kuma san sunanta ba har yau. Kaka muke kiranta. Tana da 'yar jarkar ruwa guda. Idan aka tsaya hutawa sai ta tara yara, ta riƙa zuba ruwan a murfin jarkar tana ba kowa ɗai-ɗai. In aka ce, "Kaka, ke fa?" sai ta kai murfin bakinta ta jiƙa leɓe, ta ce ta sha. Duk mun ga ba ta sha ba, ita ma ta san mun gani.

A dare na biyu ta ce mu yi addu'a, ta kuma ce mu sa waɗanda suka kore mu a ciki. Wata mata da aka harbe mijinta a gabanta ta miƙe tsaye jikinta yana rawa, ta ce wallahi bakinta ba zai iya ba, kada ma a sake faɗa mata. Na zaci Kaka za ta yi mata wa'azi. Sai ta jawo ta ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce, "To 'yata, bar shi. Yau ni zan yi miki naki. Ranar da kika sami ƙarfi sai ki karɓa." Matar ta kifa kai a cinyar Kaka ta yi kuka har barci ya ɗauke ta.

Shekaru na yi ina jin wa'azin jimiri daga kan bagadi, amma a daren nan na gan shi da idona. Tsohuwar ba ta rufe wa matar baki ba, ba ta kuma ce mata baƙin cikinta zunubi ne ba. Ɗaukar mata kayan ta yi na dare ɗaya.

A rana ta uku wani direba Musulmi mai a-kori-kura ya tsaya ya kwashi mata da yara, bai karɓi ko kwabo ba. Muka isa Yola, muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu inda mu fiye da talatin muke kwana a ɗaki uku da tsakar gida. Wasu dubbai harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa ce ta zama gidansu. Maigidana ya iso bayan kwana tara ta hanyar Kamaru. Ƙanena kam bai iso ba. Labari kawai muka samu cewa an tare su a hanya. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Matarsa da 'ya'yansa biyu suka dawo hannunmu.

"Mama, Allah yana ina?"

Wani dare a Yola 'yata ta matso kusa da ni a kan tabarma ta ce, "Mama, da aka kama Kawu, Allah yana ina?" Ke ma wataƙila ɗanki ya taɓa yi miki irin wannan tambaya a bakin gadon asibiti ko ranar jana'iza. Na ce mata ban san dalilin da ya sa Allah ya bari ba, amma na san Yesu ma an kama shi, an doke shi, an kashe shi ba da laifin komai ba, saboda haka Kawu bai shiga inda Yesu bai taɓa shiga ba. Na ce mata in tana son yin kuka ta yi, ni ma ina yi.

Ina so ki riƙe wannan da kyau: kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Muna yawan cewa "haƙurin Ayuba" kamar mutumin ya yi shiru ne daga farko har ƙarshe. Ki koma ki karanta labarin a hankali. Ya rasa 'ya'ya maza bakwai da mata uku a rana ɗaya, dukiyarsa ta tafi, miyaku suka rufe jikinsa. Ya yage rigarsa, ya la'anci ranar da aka haife shi, ya yi ta kai ƙara gaban Allah sura bayan sura. Abin da bai yi ba shi ne juya wa Allah baya. Abokansa uku da suka zo ta'aziyya, aikin kirki mafi girma da suka yi shi ne kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa, sai suka ɓata, a ƙarshe kuma su Allah ya tsawata wa.

Zabura cike take da koke-koken bayin Allah da suke tambayarsa har yaushe. Yesu ya zubar da hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. A gonar Getsamani sau uku yana roƙon Uban ko akwai wata hanya ban da gicciye, kafin ya miƙa kai. Idan Ubangijinmu bai ji kunyar nuna cewa abin ya yi masa nauyi ba, wa ya ce ke sai kin yi murmushi a majami'a alhali cikinki yana ƙuna? Mai jimiri takan yi kuka, amma gaban Allah take kai kukan, gobe kuma ta tashi ta hura wuta ta dama wa yara kunu.

Keken ɗinkina

A tsakiyar Nuwamba sojoji tare da maharba da 'yan banga suka ƙwato Mubi. Mu sai bayan sabuwar shekara muka koma. Majami'armu ta ƙone, kwanon rufi ya lanƙwashe ya zube ciki. Lahadin farko a ƙarƙashin bishiyar darbejiya muka yi sujada, kowa da dutse ko bulo a matsayin kujera. Wani dattijon ikilisiya ya tashi ya tuna mana cewa ranar 17 ga Maris 1923, da Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a Garkida, a ƙarƙashin tsamiya suka yi ta. Ya ce a gindin itace aka haife mu, komawa gindin itace ba zai kashe mu ba. Matan Zumunta ba mu da tulu ba mu da caki a ranar, da tafi muka raira waƙa.

Gidanmu ba a ƙone shi ba, amma an kwashe komai, har ƙofar ɗaki an cire. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne keken ɗinkina, wanda na yi adashi na shekara biyu kafin na saya, da shi kuma nake biyan kuɗin makarantar yara. Bayan 'yan makonni na shiga wani gida a unguwarmu gaisuwa, sai ga kekena a ƙuryar ɗaki. Na gane shi da wani tabo a jikin katakon inda ɗana ya taɓa ɗora dutsen guga. Ba zan faɗa miki addinin matar gidan ba, don yunwa da kwaɗayi ba su da addini.

Na koma gida jikina yana tsuma. Wasu suka ce in kai ƙara wajen sojoji, a lokacin kuwa kowa ya san abin da zai iya samun gidan da aka nuna da yatsa aka ce akwai kayan ganima a ciki. Matar tana da ƙananan yara huɗu. Mahaifiyata ta ce, "Ki je ki faɗa mata gaskiya ido da ido, kada ki yi kamar ba ki gani ba. In kin faɗa, sai ki bar wa Allah sauran."

Na je na same ta ita kaɗai. Na ce, "Maman yara, keken nan nawa ne, ni da ke mun sani. Ba zan kai ki ko'ina ba. In kin ga dama ki dawo da shi, in ba ki dawo da shi ba, na yafe." Ta rantse cewa saya ta yi. Na yi mata sallama na fito. Da ta haihu bayan wasu watanni na kai mata sabulu da zane kamar yadda ake yi wa kowace maƙwabciya.

Keken bai dawo ba har yau. Na faɗa miki haka ne don kada ki ɗauka duk wanda ya yi musun kai sai an biya shi riɓi biyu kafin Kirsimeti. Shekara ɗaya da rabi na yi ina ɗinki a keken haya. Abin da na samu shi ne barci. Ina wucewa ta ƙofar gidanta ba tare da ƙirjina ya buga ba, 'ya'yana kuma ba su tashi da sunan wani gida da aka ce su ƙi ba. Ki lura da abu biyu a maganar mahaifiyata: ta ce in faɗi gaskiya, ta kuma ce in saki. Gafarar da babu gaskiya a cikinta tsoro ne kawai. Ni na ajiye haƙƙina da hannuna, da sanina, shi ya sa ya zama baiko. Da ƙwace shi aka yi aka kuma hana ni magana, da sunansa zalunci.

Iyaye mata da suka riga mu

Ba a kanmu aka fara ba. A shekara ta 203, a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, hukumar Roma ta kama wasu sababbin masu bi. Cikinsu akwai Perpetuwa, 'yar babban gida mai shekara 22 da jariri a nono, da Felisita, baiwa mai cikin wata takwas. Perpetuwa ta rubuta labarin zamanta a kurkuku da kanta, abin da ya fi damunta a kwanakin farko kuwa shi ne jaririnta da yunwa take galabaitarwa. Sai da aka yarda ya zauna tare da ita hankalinta ya kwanta. Mahaifinta ya yi ta zuwa yana roƙonta da furfurarsa ta miƙa hadaya ga gumakan sarki ta tsira. Tana ƙaunarsa, tana jin tausayinsa, amma ta ƙi. Felisita ta haifi 'ya mace a kurkuku kwanaki kaɗan kafin ranar kisa, wata mai bi ta karɓi jaririyar ta rene ta. Uwar gida da baiwa suka shiga filin wasa tare suka mutu tare. Ba mata ne marasa zuciyar uwa ba. Sai da kowace ta ga ɗanta ya shiga hannu nagari.

A zamaninmu kuma ga Leah Sharibu. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, jihar Yobe. Ranar 21 ga Maris aka dawo da waɗanda suka rayu, aka riƙe Leah, yarinya 'yar shekara 14, saboda ta ƙi barin addininta. Duniya tana maganar ƙarfin halin yarinyar, ni kuwa mahaifiyarta Rebecca nake yawan tunawa. Ta ga ana rungumar 'ya'yan maƙwabta, tata ba ta sauko daga mota ba. Ba ta shige ɗaki ta ce ƙaddara ce ta yi shiru ba. Ta yi magana da 'yan jarida, ta je har Amurka da Ingila tana roƙon a taimaka a sako mata 'yarta, tana kuma addu'a. Jimirin uwa yana da ƙafa, yana da murya.

'Yan'uwana Musulmi, kun san wannan wuta ba gida ɗaya ta ci ba. Wata guda bayan gudunmu, ranar 28 ga Nuwamba 2014, aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, mutane fiye da ɗari suka rasu. Hawayen iyayensu mata da namu ɗanɗanonsu ɗaya.

Abin da ba gicciye ba ne

A nan nake so in yi magana ba kwana-kwana, don an cuci mata da yawa da sunan jimiri.

Idan mijinki yana dukanki, wannan ba gicciyenki ba ne. Zunubinsa ne, laifi ne kuma a dokar ƙasa: akwai dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a 2015, jihohi da dama sun mayar da ita tasu. Ki faɗa wa iyayenki, ki faɗa wa fasto da dattawa da shugabar Zumuntar Mata. Idan wanda kika fara gaya wa ya ce ki koma ki ƙara addu'a kawai, ki nemi na biyu. Idan ranki ko na yara yana cikin haɗari, ki fita tukuna, a yi sulhun daga inda kike da rai. Yusufu da Maryamu sun ɗauki jariri Yesu cikin dare sun gudu Masar don kada Hirudus ya kashe shi. Manzo Bulus a cikin kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu ya tsere wa masu neman ransa. Wata rana kuma da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, ya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, aka fasa. Wannan Bulus ɗin ne aka yi wa bulala talatin da tara har sau biyar saboda bishara. Ya san dukan da zai jure saboda Almasihu, ya san wanda zai ƙi.

Idan kin ji ƙullutu a nono, ko jini yana zuba ba lokacinsa ba, ko ƙafafunki sun kumbura da ciki, zama a gida kina cewa kin bar wa Allah ba bangaskiya ba ce. Luka da ya rubuta ɗaya daga cikin Linjila huɗu likita ne. Ki yi addu'a a hanyarki ta zuwa asibiti.

Idan kina da ciki ko kina shayarwa, ko kina da ciwon suga ko gyambon ciki, kada wani ya sa ki jin kunya don ba ki yi azumin abinci ba. Ko a ikilisiyar Katolika, inda aka tsara dokar azumi dalla-dalla, 'yan shekara 18 zuwa 59 ta shafa, an kuma ɗauke wa marasa lafiya da masu ciki da masu goyo. Abincin da ke cikin nononki na jariri ne, ba ki da ikon yin baiko da shi.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Gicciye na gaskiya, ko da ya yi nauyi, ƙauna ce ta sa kika ɗauka, wani kuma yana rayuwa saboda kin ɗauka. Kayan da aka ɗora miki don wani ya ci gaba da mugunta hankali kwance, ki sauke shi, ba ki yi wa Allah laifi ba.

Musun kai a cikin gida

Yawancinmu ba za a tsayar da mu gaban bindiga a ce mu yi musun Yesu ba. Namu gwajin a madafa yake da bakin rijiya da cikin wayar da ke hannunki yanzu. Azumin kwana 40 da Katolika da Angilikan da wasu ikilisiyoyi suke yi yana farawa ranar Larabar Toka ya kai jajibirin Ista, ba a lissafa ranakun Lahadi a ciki. Yakan faɗo a lokacin zafi, wani lokaci kuma ya haɗu da Ramadan: a 2025 kwana huɗu ne kacal tsakanin farawarsu, Musulmi ranar 1 ga Maris, Kirista ranar 5. Ko ikilisiyarku tana kiyaye shi ko ba ta yi, lokaci ne mai kyau na horar da kai.

Annabi Ishaya ya yi wa mutanensa faɗa don suna azumi suna kuma zaluntar ma'aikatansu, ya nuna musu cewa azumin da Allah yake karɓa shi ne wanda mayunwaci ya ƙoshi ta dalilinsa. Saboda haka duk abin da kika hana kanki, ki tabbata ya isa hannun wani. A gidanmu, duk lokacin da zan auna shinkafa ko masara a wannan lokaci, nakan ɗebi tafin hannu ɗaya in zuba a wata roba daban. Kafin Ista takan kai mudu uku ko huɗu. Yara ne suke ɗauka su kai wa gwauruwar da muka zaɓa tare, da sharaɗin ba za su faɗa wa kowa ba. Da haka suke koyon cewa ba sai mai kuɗi yake bayarwa ba.

Akwai azumin baki. Ki ɗauki mako guda ba ki kai maganar kowa gaba ba, ko da gaskiya ce, ko da a rukunin WhatsApp na dangi ne. Za ki ga ya fi barin nama wuya. Akwai azumin waya: awa ɗaya bayan abincin dare ki kifa ta, ki saurari abin da ya faru da ɗanki a makaranta. Akwai azumin anko: biki ɗaya ki sa zanen da kike da shi, kuɗin ki biya wa marayan gidanku kuɗin jarrabawa. Akwai kuma mai wuyar duka, wato riƙon ɗan wani kamar naki. 'Ya'yan ƙanena sun shekara goma a hannuna. Raba nama daidai a kwano biyar alhali uku ne kika haifa, kowace rana, ba mai gani ba mai yabo, shi ne musun kan da ya fi kowanne tsawo a rayuwata.

Abu ɗaya kawai: kada ki ɗora a Facebook. Yesu ya gargaɗi masu azumi da masu sadaka a kan neman idon mutane. Abin da kika yi tallarsa kin riga kin karɓi ladansa a wajen masu danna alamar so.

Kada ki ɗauka ke kaɗai

A hanyar zuwa Golgota sojoji sun tare wani mutum mai suna Saminu Bakurane, daga ƙasar Libiya ta yau, suka sa shi ya ɗauki gicciyen Yesu. Idan har an taya Ubangiji ɗauka, ke wace ce da za ki ce ba kya bukatar kowa? A ikilisiyarmu, lokacin Jibin Ubangiji mukan durƙusa mu wanke wa juna ƙafa, mata da mata, maza da maza. Na lura wanke ƙafar wata ya fi sauƙi a kan miƙa taki mai faso a wanke miki. Amma wadda ba ta iya karɓar taimako, girman kai ne yake sanye da zanen jimiri.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata ba don waƙa da anko kaɗai aka kafa ta ba. Idan a zumuntarku ba wanda ya san wace ce ta kwana da yunwa, wace ce mijinta ya daina shigowa gida, wace ce take jinyar uwar miji ita kaɗai, to akwai gyara. Taimakon kuma kada ya tsaya a ƙofar majami'a. Bishop Stephen Dami Mamza na Yola, wanda ya buɗe harabar St. Theresa ga 'yan gudun hijira, da ya gina musu gidaje daga baya ya gina har da masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Wahala ba ta tambayi addininsu ba kafin ta kore su, shi ma bai tambaya ba kafin ya ba su mafaka.

'Yar'uwa, wataƙila kina karanta wannan ne da tsakar dare, yara sun yi barci, ke kuma ido ya ƙi rufuwa saboda abin da ba ki taɓa gaya wa kowa ba. Ba zan yi miki alkawarin cewa gobe zai wuce ba. Maryamu ta tsaya a gindin gicciye tana kallon ɗanta ranar Jumma'a, ta kuma kwana biyu cikin duhu kafin safiyar Lahadi. Wasunmu Asabar ɗinsu takan yi shekaru. Idan yau bakinki ba zai iya addu'a ba, ki nemi wata 'yar'uwa da kika amince da ita ki ce ta yi miki naki. Idan kuwa ke ce mai ɗan ƙarfi a yau, ki duba gefenki, akwai wadda take jira.

Ubangiji ya ba mu hikimar gane gicciyen da yake namu, da ƙarfin ɗaukarsa, da ƙarfin halin sauke wanda ba namu ba. Ya ta'azantar da duk uwar da take jiran ɗan da bai dawo ba. Amin.

Ke fa, wace ce ta taɓa ɗaukar miki kaya a ranar da ƙarfinki ya ƙare? Ki ba mu labarinta, ko ba ki ambaci sunanta ba.